Kada Ka Yi wa Lamba Shaidar Gaggawa

'Yan'uwana ɗalibai, a ƙidayar da aka yi cikin watan Maris na 2006, an sami mutum 1,406,239 a Yankin Birnin Tarayya, Abuja. Watau miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu da shida da ɗari biyu da talatin da tara. To, bari mu bincika halin wannan lamba, gama kowace lamba da halinta, kamar mutane.

Da farko dai mara ce, ba cika ba, domin ta ƙare da 9. Saboda haka 2 ba ta raba ta daidai. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, 5 kuwa ta fita. In ka tara alƙalumanta bakwai za ka sami 25, da yake 3 ba ta raba 25, ba ta raba uwar lambar kuma. Ko da za a raba mutanen nan daidai wa daida ga ƙananan hukumomi shida na yankin, sai kowace ta sami 234,373, mutum ɗaya ya yi saura.

Akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu, kamar 7 da 13. Mu kira su gagara-rabo. Sa'ad da na ke shirya darasi lokacin koyon koyarwa, na gwada 7, 11, 13, 17, 19 da 23, kowace ta bar saura. Na gaji, na rubuta a littafina cewa lambar nan gagara-rabo ce. Allah ya taimake ni, da dare na ce bari in ƙara ɗaya. Ai kuwa sai 29 ta raba ta ba saura! 29 sau 48,491 ya ba da 1,406,239 cif. Da na tsaya a 23, da na koya wa yara ƙarya, su kuma su tafi da ita gida.

Ita 48,491 fa? Ba sai ka gwada dubban lambobi ba. Da yake 221 sau 221 ya wuce ta, gwada gagara-rabo har zuwa 211 ya isa. Na gwada su duka, babu wadda ta raba ta.

Ashe lambarmu 'yar iyaye biyu ce kaɗai. Masu raba ta huɗu ne: 1, 29, 48,491, da ita kanta. In ka tara ukun farko, jimlarsu 48,521, ba ta ko kusa da lambar ba. Tsoffin masanan Girka sun kira irin wannan lamba gajiyayya. Wadda jimlar ta zo daidai da ita, kamar 6 ko 28, ita ce cikakkiya.

Malamin gobe, gwaji shida ba hujja ba ne. Kafin ka ɗauki alli, ƙarasa lissafinka tukuna.