Wa Zai Kula da Tsofaffinmu? Darasi Daga Karfi

A garin Karfi da ke ƙaramar hukumar Malumfashi, da damina majiya ƙarfi na gonakin masara da auduga, da rani kuma sun tafi cin rani. Tsoho marar lafiya sai ya rage a hannun suruka ko jika, masu tausayi amma marasa horo.

Tsufa kuwa yana da nasa ilmin. Daga wajen shekara 30 tsokar jiki ke fara raguwa sannu a hankali, daga baya ƙashi ya yi gautsi, shi ya sa faɗuwa ɗaya kan karya ƙugun tsoho. Jin ƙishirwa yana dusashewa, don haka a zafin bazara jikinsa kan bushe bai nemi ruwa ba. Wanda ya daɗe kwance a gefe guda, nauyinsa kan danne ƙananan jijiyoyin jini, fata ta mutu, gyambo ya fito. Rigakafin haka shi ne a juya shi duk bayan awa 2.

Koyar da wannan sai da kuɗi. A 2012 aka buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi ta farko a Nijeriya, a Asibitin Koyarwa na Ibadan. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Amma Ibadan ta yi wa Karfi nisa. Kamata ya yi gwamnati ta ware kuɗi a horar da ma'aikatan lafiya a makarantun Kankiya da Daura, su kuma su koyar da iyalai gida-gida.

Ya kai ɗalibi, kafin nan fara da kakarka: miƙa mata ruwa ko ba ta tambaya ba.