Dubiyar Baki da Dubiyar Ƙafa

Ranar da likita ya tabbatar wa mace cewa ƙullutun da ke mamanta sankara ce, ƙawayenta kan rabu gida biyu ba tare da sun sani ba. Wasu baki suke kawo mata, wasu ƙafa. Duka ƙauna ce ta taso su, amma abin da suke bari a ɗakin mara lafiya ba ɗaya ba ne.

Mai dubiyar baki ita ce ta fara isowa, kuma tana da ranarta. "Sannu, Allah ya sa kaffara ne, Allah ya tashi kafaɗunki." Wanda bai taɓa kwanciya ba ne zai raina wannan addu'a. A makon farko, lokacin da mutum ke kwana ido biyu yana lissafin shekarun 'ya'yansa, jin cewa ana ambatonsa a sujada yana sanyaya zuciya. Matsalar tana farawa ne idan addu'a ta ƙare, shawara ta ɗauka. Sai ka ji an ce daji ba ya son ƙarfe, kada ta yarda a taɓa ta da allura ko wuƙa, akwai wani mai magani a ƙauye kaza da ya warkar da wance. Wannan maganar ta ci rayuka. Likitocinmu sun daɗe suna kukan cewa yawancin masu sankarar mama ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya yi nisa, alhali idan aka kama shi da wuri ana warkewa. Watannin da aka ɓata ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe su ne ciwon ke amfani da su ya bi hammata, ya kai huhu ko ƙashi. Ƙawar da ta kawo wannan shawara da kyakkyawar niyya ta zo, amma niyyarta ba za ta dawo da watannin ba.

Akwai kuma labaran da ba a tambaya ba: ƙanwar maƙwabciya da ta yi irinsa, ko shekara ba ta rufa ba. Har "ki daure, ke jaruma ce" yakan zama kaya, domin ya hana ta kuka a gaban wadda ya kamata ta yi kuka a gabanta.

Mai dubiyar ƙafa ba ta cika magana ba. Ita ce za ta ce, "Maman Abba, ranar Talata ƙarfe bakwai ina ƙofar gidanki, tare za mu." Ba ta cewa "in kina bukatar wani abu ki faɗa mini", don ta san kunya ba za ta bar Bahaushiya ta faɗa ba. A gaban likita ita ke riƙe da littafi da biro, saboda wanda aka gaya wa irin wannan labari rabin bayanin wucewa yake ta bayan kunnensa. Ita ke rubuta sunan magani da ranar dawowa, ta kuma tambayi abin da mai ciwon ta ji nauyin tambaya.

Amfaninta na fitowa ne da tsawon tafiyar. Maganin kemo sau da yawa duk bayan mako 3 ake ɗaura shi, zagaye 6 ko 8, wato watanni. Gashin ciwon da na'ura kuma kullum ne, Litinin zuwa Juma'a, na makonni, kuma na'urarsa ba kowace jiha ke da ita ba. Mutum kan bar garinsu ya tare a Zariya saboda asibitin Shika, ko Sakkwato, ko Abuja. Kafin zagayen kemo na uku 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, kwanukan abinci sun daina shigowa, a lokacin kuwa jiki ya fi galabaita. Mai dubiyar ƙafa ta san kwanakin da suka biyo bayan ɗaura magani, ƙamshin suyar manja ko turaren wuta kaɗai ya isa ya tayar da amai, sai ta dama kunu mara kauri ta kawo a ƙaramin kofi, ta kwashe yara zuwa gidanta su yi kwana biyu. Ranar da suma ta fara biyo mataji, ita ce ke rufe ƙofa ta ɗauko almakashi, ta zo da sabon ɗankwali. Ta san kemo na rage ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, don haka mai mura ba ya shiga ɗakin ko da yayar miji ce, kuma zazzaɓi a wannan lokaci na asibiti ne a daren, ba na jiran gari ya waye ba.

Ban ce wannan hanyar ba ta da aibi. Mai ƙafa kan zaƙe ta ƙwace ragamar, ta riƙa yanke hukunci a kan jikin da ba nata ba, ko ta baza hoton ƙawarta a WhatsApp da sunan neman taimako ba tare da izininta ba. Kuɗin magani na da nauyi ƙwarai, gidaje da yawa sai sun sayar da fili ko dabba, kuma gidauniya a tsakanin dangi da abokai abu ne mai kyau. Sai dai ciwon nata ne, sirrin ma nata ne, ita za ta faɗi wanda za a gaya wa da wanda ba za a gaya wa ba.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa, ƙafa zan ɗauka. Aibinta ana gyara shi da tambaya guda, "Kin yarda in yi kaza?", amma shawarar da ta hana mace zuwa tiyata wata shida ba ta da gyara. Mai nisa da ba ta iya zuwa ma tana da rabonta a ciki: ta riƙe ranakun kemo a wayarta, ta tura kuɗin mota tun jajibiri, ta kira washegari ta ji yadda aka kwana.