Yadda ɗigon jini daga dundumiyar jariri ke tona asirin ƙarancin aidin

Da yawa daga cikinmu ba mu san sinadarin aidin ba sai ta hanyar maƙoƙo, wato kumburin nan da ke fitowa a wuya. Amma likitoci sun fi damuwa da illar da ba a gani da ido. Idan mai juna biyu ba ta samun isasshen aidin, ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta na iya tawaya, kuma gyaran wannan bayan haihuwa abu ne mai wuya.

Dalili shi ne, ƙwayar tayiroyid da ke gaban wuya tana amfani da aidin wajen haɗa sinadaran da ke gina ƙwaƙwalwa. A watannin farko na ciki, ƙwayar ɗan tayi ba ta fara aiki sosai ba, don haka kacokan ya dogara da abin da uwa ke samarwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce mai ciki da mai shayarwa na buƙatar maikirogram 250 na aidin a kullum, alhali sauran manya 150 ya wadatar da su.

Me ya sa gwajin fitsari bai wadatar ba?

An daɗe ana auna aidin ta fitsari, saboda kusan kashi 90 cikin 100 na wanda mutum ya ci ta nan yake fita. Gwajin yana da sauƙi, kuma yana nuna halin da al'umma ke ciki idan an auna mutane da yawa. Matsalarsa ita ce yana nuna abincin kwana ɗaya ko biyu ne kawai. Matar da ta ci kifi jiya za ta iya nuna wadata yau, ko da ta shafe watanni cikin ƙaranci.

Abin da jini ke nunawa

Gwaji na farko shi ne na sinadarin TSH. Kwana uku zuwa huɗu bayan haihuwa, ana ɗan tsaga dundumiyar jariri, a ɗiga jini a kan takarda ta musamman, a bar shi ya bushe a kai ɗakin gwaji. Idan aidin ya yi ƙaranci, jiki kan ƙara fitar da TSH domin zaburar da tayiroyid. A ma'aunin WHO, idan jariran da TSH ɗinsu ya haura 5 ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, yankin na da wadatar aidin.

Ana jinkirta gwajin ne saboda TSH na tashi da kansa a kwanaki biyun farko. Haka kuma maganin wanke rauni mai aidin da aka shafa wa uwa ko cibiyar jariri na iya gurɓata sakamakon.

Wannan ɗigon jini yana kuma gano jariran da aka haifa tayiroyid ɗinsu ba ta aiki, matsalar da ke samun kusan ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000. Idan aka fara ba su magani cikin makonni biyu, galibinsu na tashi lafiya lau.

Gwaji na biyu shi ne na tayiroglobulin, wani sinadari da ke ƙaruwa a jini idan tayiroyid tana wahala. Shi yana nuna halin makonni zuwa watanni, kuma masu bincike na amfani da shi a kan yara da masu ciki.

Daga ɗakin gwaji zuwa madafa

Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri tun 1993. Sai dai gishirin gargajiya da ake aunawa a buɗe a kasuwa ba lallai ne yana ɗauke da shi ba, kuma rana da danshi na rage wanda aka sanya. A yankunan da ke nesa da teku kamar arewacin Najeriya da Nijar, gishiri ne babbar hanyar samunsa.

Don haka a sayi gishirin leda mai rubutun aidin, a ajiye shi a rufe nesa da murhu. Wannan ba ya nufin ƙara yawan gishiri a miya, musamman ga mai hawan jini. Mai ciki kuma ta tambayi ma'aikatan awo kafin ta sha wani ƙarin aidin, domin yawansa ma yana cutar da tayiroyid ɗin jariri.