Ƙaramar laimar kwaɗi da ido ba ya iya faɗin sunanta

Daga watan Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da damina ke sauka a Kubwa da sauran sassan Ƙaramar Hukumar Bwari, filayen ciyawa na makarantu da gefen hanyoyi kan wayi gari da ƙananan laimomin kwaɗi. Akwai wata siririya a cikinsu, mai launin toka, wadda faɗin hularta bai cika wuce santimita 2 ba, kuma tana da layuka kamar haƙarƙarin laima. Cikin dare take buɗewa, kafin azahar ta yanƙwane.

Masana suna kiran wannan dangi Parasola, sunan da aka ciro daga kalmar Turawa mai nufin laimar kare rana. Ashe Bahaushe da masanin kimiyya abu guda suka gani.

Wani masanin tsirrai na Ingila, William Curtis, shi ne ya fara bayyana sanannen nau'in cikinsu a ƙarshen ƙarni na 18, nau'in da yau ake kira Parasola plicatilis. A 1838 Elias Fries na ƙasar Suwidin ya sanya shi cikin dangin Coprinus, wato laimomin da ke narkewa su zama baƙin ruwa idan sun tsufa, ruwan da har an taɓa yin rubutu da shi kamar tawada. Haka aka zauna fiye da shekara 160. Sai a 2001 Scott Redhead da abokan aikinsa, bisa binciken ƙwayoyin gado, suka nuna cewa wannan kamanni ya yaudari magabata, suka raba dangin gida huɗu: Coprinus, Coprinellus, Coprinopsis da Parasola. Ita Parasola ma ba ta narkewa sosai, bushewa take yi.

Matsalar ita ce nau'o'in Parasola suna kama da juna ƙwarai, har ƙwararre ba ya rantsuwa a kan abin da ya gani da ido. Hukunci yana wurin madubin ƙara girma na ɗakin bincike.

Da sassafe ake tsinko ta, domin jinkirin awa biyu kan lalata samfurin. A yanke hular a kife ta a kan gilashi ko farar takarda, a rufe da kofi. Bayan 'yan sa'o'i za ta zubar da baƙar ƙura, wadda ita ce ƙwayoyin irinta. Su ake ɗiga wa ruwa a duba da madubin da ke ƙara girma sau 1,000, a auna aƙalla guda 20, kowace ta fuska da kuma ta gefe, saboda ƙwayar a shafe take kamar ɗan wake da aka danne. Ma'aunin shi ne maikiron, kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Ƙwayar Parasola plicatilis takan kai maikiron 10 zuwa 13 a tsawo, kuma ƙofar da tsiro ke fitowa ta ɗan karkace daga tsakiya. Ta 'yar'uwarta Parasola lactea ta fi gajarta, siffarta kuma ta fi kusa da zuciya. Ita kuwa Parasola auricoma tana da dogayen gasu masu ruwan ƙasa a fatar hularta, ƙofar ƙwayarta kuma a tsakiya take. Bambancin maikiron 2 kacal na iya sauya suna.

Yawancin waɗannan ma'aunai daga samfuran Turai aka samo su, don haka kuskure ne a ɗauki hoton littafin Ingila a liƙa sunansa a kan abin da ya tsiro a Kubwa. Rahoton da cibiyar tsirrai ta Kew ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na nau'o'in wannan halitta a duniya ba a ba su suna ba tukuna. A Najeriya, M. H. Zoberi da B. A. Oso sun aza harsashi a shekarun 1970, amma aikinsu ya fi karkata ga kudancin ƙasar da kuma manyan nau'o'in da ake ci. Ƙananan na filayen ciyawa sun samu ƙarancin kulawa. Ɗalibi a Jami'ar Abuja da ya busar da samfurinsa da kyau, ya rubuta rana da wurin da ya tsinko shi, ya auna ƙwayoyin, ya yi aikin da zai amfani masu binciken gado daga baya.

Parasola ba abinci ba ce, domin babu tsokar kirki a jikinta. Sai dai dabarar kife hula a kan takarda tana ceton rai a wani wurin. A irin filayen nan ne Chlorophyllum molybdites ke tsirowa, babbar farar laima mai ban sha'awa da ke jawo amai da gudawa mai tsanani, wadda mutane ke ɗauka irin wadda ake ci ce. Ƙurarta, idan ta nuna, koriya ce.