Wasiƙar Malama Ba'indiya: Yadda A Ke Riƙe Zumunta Daga Nesa

 

Ran nan na je gai da goggona a nan Kaugama, na tarad da ita ta zazzage tsohuwar adakarta tana kakkaɓe kaya. Cikin tarkacen sai ga wata 'yar takarda shuɗiya, marar kauri kamar ɓawon albasa, da kan sarkin wata ƙasa a goshinta. Na ce, "Goggo, wannan fa?" Ta karɓa ta yi murmushi, ta ce wasiƙar malamarta ce ta lissafi, Ba'indiya, wadda ta aiko mata bayan ta koma ƙasarsu. Labarin da ta ba ni a zaman nan shi na ke so in kawo muku yau, domin ya sa na ji kunyar kaina.

MALAMAR GOGGO

Duk wanda ya yi makarantar sakandare ko ta horon malamai a Arewa cikin shekarun 1970 da farkon na 1980 ya san malaman Indiya. Galibi lissafi da kimiyya su ke koyarwa, da yawansu kuwa daga Kerala su ke, can kudancin ƙasarsu. A lokacin nan ƙasar Haɗeja tana cikin Jihar Kano, gama sai a 1991 a ka yanke Jigawa. Ita malamar Goggo daga arewacin Indiya ta fito, ita da mijinta da 'ya'ya biyu. Goggo tana cikin 'yan matan da kan je gidanta ran Lahadi su taya ta 'yan aikace-aikace.

Goggo ta ce ba Lahadin da za ta wuce ba ta ga matar nan ta zauna da shuɗiyar takardar nan ba. Takarda ce ta jirgin sama, ita ce wasiƙar, ita ce kuma ambulan, in an gama rubutu sai a naɗe a liƙe. Sabo da ba a yarda a sa kome a ciki ba, sai ta riƙa ƙanƙanta rubutu har gefe-gefe. In ta bar ɗan fili mijin ya ƙara layi biyu, yara su zana kaza ko jaki a ƙasa.

Me ta ke rubutawa haka kowane mako? Goggo ta taɓa tambayarta, sai ta karanta mata. Ashe ba wani babban labari ba ne. Haƙorin ƙaramin ɗanta ya fita. Hunturu ya sauka, leɓunansu sun tsattsage. Ta sami tsamiya da kuɓewa a kasuwa irin na gida. Albasa ta yi araha. Goggo ta yi dariya ta ce, "Malama, wa ya damu da kuɗin albasarmu a Indiya?" Matar ta amsa mata da cewa, in mutanen gida ba su san abin da ta ke ci da abin da ke ba ta dariya ba, to, ran da ta koma baƙuwa za su karɓa, ba 'yarsu ba.

GIDANSU KAMAR GIDAN GANDU

Don ku gane inda wasiƙar ke sauka, sai ku tuna gidan gandu irin namu. A al'adar Indiyawa da yawa, 'ya'ya maza ba su fita in sun yi aure. Tsoho da tsohuwa, da 'ya'yansu maza da matansu da jikoki, duk gida ɗaya, tukunya ɗaya. Faccaloli su ke raba aikin girki, uwar miji ita ke riƙe da ragamar cikin gida. Yau aikin birni ya rarraba irin waɗannan gidaje da yawa, amma ko an rabu a muhalli, a kan taru wajen shawarar aure da biki da mutuwa.

Kamar mu, ba su haɗa dangi a suna ɗaya. A harshen Hindi kakanni na wajen uba su ne dada da dadi, na wajen uwa nana da nani. Ƙanen uba chacha, ga shi mu baffa. 'Yar'uwar uba bua, watau goggo. 'Yar'uwar uwa mausi, watau inna. Abin dariya, kawu shi su ke kira mama! Matar wa kuwa bhabhi, na san masu kallon fim ɗin Indiya sun sha jin wannan. A ƙarshen wasiƙa sai an bi mutanen nan ɗaya ɗaya, a yi wa manya gaisuwar ban girma, a sa wa yara albarka. In an tsallake wani, to, an jawo magana.

A wancan zamani, wasiƙa in ta iso ba ta mutum ɗaya ba ce. A kan karanta ta a fili kowa ya ji, sa'an nan a tsire ta a wata ƙugiyar ƙarfe da a ke ratayewa a bango, bisa waɗanda suka riga ta. A ƙauye inda ba mai ilmin karatu, ma'aikacin gidan waya shi kan tsaya ya karanta. A birane kuwa, kamar Bombai wadda yanzu a ke kira Mumbai, a da akwai marubutan wasiƙa da kan zauna a ƙofar babban gidan waya, ɗan ci-rani ya faɗa su rubuta, ya biya.

Talaka ma ba a bar shi a baya ba, domin tun 1879 a ka fito da katin gidan waya mai arahar gaske a ƙasar. Har alamu gare su. Takardar gayyatar aure a kan shafa mata gangamau a kusurwa, wanda waɗansu ke kira kurkur, alamar farin ciki. Katin da ya zo an yage masa kusurwa ɗaya kuwa, a wurare da dama, labarin mutuwa ke nan, mai karɓa ya shirya zuciyarsa tun bai karanta ba. Labarin gaggawa ta tangarahu a ke aika shi, har zuwa watan Yuli na 2013 da a ka rufe wannan aiki a Indiya.

RANAR DA BA A MANTAWA

Akwai wata al'ada ta mabiya addinin Hindu, musamman a arewaci da yammacin ƙasar, wadda su ke kira Raksha Bandhan. Yawanci cikin Agusta ta ke faɗowa, ran da wata ya cika. Mace kan ɗaura wa ɗan'uwanta namiji wani zare mai ado a hannu, sunansa rakhi. Kada ku haɗa shi da rakin da yaro ke yi gaban allura! Shi kuma ya ba ta kyauta, ya ɗauki alkawarin tsaya mata. Yarinyar da a ka aurar wani gari ta kan zo gida ganin iyaye a wannan lokaci. Wadda ta yi nisa sai ta sa zaren cikin ambulan ta aika, har gidan wayarsu kan sayar da ambulan na musamman wanda ruwa ba ya ratsawa, gama damina ce. Goggo ta ce malamarta tun watan Yuli ta ke aika nata, don kada ya makara.

Wannan bikinsu ne, mu muna da namu. Abin lura a ciki shi ne, sun yanka wa zumunta rana. Abin da ba shi da rana kuwa, kullum gobe ne.

Kafin malamai, 'yan kasuwarsu sun riga zuwa. Mutanen Haidarabad ta ƙasar Sindh su kan bar matansu a gida su tafi fatauci shekara biyu ko uku, ba abin da ke haɗa su sai wasiƙa. Gidan Chellaram irinsu ne, sun kafa ciniki a Nijeriya a 1923. Da a ka raba Indiya da Pakistan a 1947, Sindh ta faɗa Pakistan, da yawa daga mabiya Hindu na can suka watsu cikin duniya, ba garin da za su ce ga namu. Taliyar Indomie da mu ke dafa wa yara ma, gidan Tolaram ne suka kawo mana ita, su ma 'yan Sindh ne, amma a Indunusiya suka fara ciniki a 1948. Mutanen da suka rasa ƙasa, labarin juna shi ya zame musu gida.

AMMA FA DA SAURAN MAGANA

Kada ku zaci abin duk zuma ne. Wasiƙar da za a karanta a tsakar gida, wace amarya ce za ta rubuta kukanta a ciki? Goggo ta ce malamarta takarda biyu ta kan yi wani lokaci, ɗaya ta gidan miji, ɗaya ƙarama ta yayarta. Inda kowa ya san kome kuma, nan gulma ke samun taki. Yau da wayar hannu ta maye gurbin takarda, iyalan Indiyawa suna haɗa dangi duka a zaure guda na WhatsApp, kamar yadda mu ke yi. Can ma ƙarya kan yi gudu ta riga gaskiya isa.

TO, MU FA?

Mu mutanen ƙasar Haɗeja mun san watsuwa. Da an gama girbi maza su tafi ci-rani Kano ko Ikko. An aurar da wannan Nguru, waccan Gumel, wata Malam Madori. Ambaliyar 2022 ta tashi gidaje da yawa a bakin kogi, dangi suka rarrabu. Kowa da waya a hannu, amma mu tambayi kanmu, yaushe rabon da mu kira wani ba don roƙo ko rasuwa ba?

Ni ma ba ni da bakin magana. Sa'ad da na ke makarantar horon malamai a Gumel, wata innata ta kwanta ciwo wata biyar a gidan mijinta. Lambarta tana cikin wayata. Ban ji ba sai da ta miƙe, da muka haɗu a wani suna ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ashe kina nan?" Har yau maganar tana yi mini zafi. Malamar Goggo tana ƙetaren teku, wasiƙarta kan yi makonni a hanya, amma ta san ran da tarin uwar mijinta ya lafa.

Sabo da haka ga 'yar shawarata. Na farko, kowace ta yanka rana, ko Jumma'a bayan la'asar, ta nemi mutum ɗaya cikin dangi na nesa. Na biyu, kada ki jira babban labari. Faɗa musu akuya ta haihu, riɗi ya yi kyau bana, yaro ya sauke izu. Ƙananan labarai su ke sa in babba ya zo ba a jin nauyin faɗi. Na uku, labarin rasuwa ko ciwo mai tsanani kada a watsa shi a rubuce cikin taro. A fara sanar da babba da baki, shi ya san yadda zai isar. Na huɗu, abin da 'yar'uwa ta faɗa miki ke kaɗai, ya tsaya a wurinki.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ne magatakardan gidajenku. Ki sami ɗan littafi, ki zauna gaban kakarki ta faɗa miki dangi, na wajen uwa da na wajen uba, da garin da kowa ya ke. Ki rubuta, ki sa lambar kowa. In kaka ba ta iya latsa waya ba, ke ce hannunta. Wannan ma amfanin ilmi ne.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Inda ƙafa ba ta kai ba, sai murya ko alƙalami su kai. Goggo ta mai da shuɗiyar takardarta ƙasan adaka, ni kuwa da na fito ban kai gida ba sai da na kira innata.

Wadda ta ke da wata dabara da gidansu ke bi wajen jin labarin juna, ta rubuto wa wannan fili mu ƙaru. Allah Ya bar zumunci, amin. Sai mako mai zuwa.