Ba Kowane Ciwon Baya Ke Buƙatar Wuƙa Ba

Da zarar likita ya duba hoton MRI ya ce, "Malam, faifan bayanka ya zame," sai hankali ya tashi, 'yan'uwa har sun fara lissafin kuɗin tiyata. A dakata tukuna.

Ƙasusuwa biyar ne a ƙasan gadon baya, daidai kwankwaso, kuma a tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai taurin gefe da taushin ciki. Idan gefen ya tsage, sai na cikin ya bulluƙo ya danne jijiya. Galibi faifai biyu na can ƙasa ne ke yin haka, shi ya sa zafin ke bin ɗuwawu ya gangara cinya har tafin ƙafa, kamar jan lantarki. Ko atishawa mutum ya yi sai ya dafe ƙugu.

Mafi yawan masu wannan larura kan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 da maganin rage zafi, gashi da 'yar tafiya, domin jiki da kansa yakan tsotse abin da ya fito. Doguwar kwanciya ba ta taimakawa. Hoton ma kada ya ruɗe ka: mutane da yawa na yawo da bulluƙaƙƙen faifai ba su taɓa jin komai ba.

Idan ciwon ƙafar ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a yi maganar aiki. Tun 1934 likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka nuna cewa cire ɓallin faifan na 'yantar da jijiya. Yau da ɗan ƙaramin yanka ake yi. Amma a sani, ciwon ƙafa aikin ya fi warkarwa, na bayan yakan saura.

Sassaucin ƙashin baya kuwa wata magana ce daban. Nan ƙashi ne ke gocewa a kan ɗan'uwansa, ana ganewa da hoton da ake ɗauka mutum na sunkuye, a sake ɗauka yana gantsare. Idan ya tsananta, akan ɗaure ƙasusuwan da ƙusoshi da sandunan ƙarfe har su manne. Wurin zai sandare, nauyi ya koma kan faifan da ke kusa. Duk wanda aka ce za a sa wa ƙarfe, ya tambaya a nuna masa gocewar.

Wanda fitsari ya riƙe masa ko yake zuba bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa ta fara ja, wannan ba na mai ɗori ko mai ƙaho ba ne. A kai shi babban asibiti, irin na ƙashi da ke Dala a Kano, a ranar.