Jariri da lasisin harbin barewa

A ƙarshen shekarar 2017, hukumar kula da namun daji ta jihar Wiskonsin a Amurka ta fitar da lissafin lasisin farautar da ta sayar a kakar. Sai ga guda goma an yanka su da sunan jariran da ko shekara ɗaya ba su cika ba. Ba kuskuren magatakarda ba ne. A watan Nuwamba na shekarar gwamna Scott Walker ya sa hannu kan dokar da ta soke ƙa'idar shekara goma, ya zama kowane yaro, komai ƙanƙantarsa, yana iya fita harbi muddin akwai babba mai lasisi kusa da shi. Masu kyautata zato suka ce iyaye ne suka saya don ajiye tarihi, su nuna wa yaron idan ya girma. Ni ban cika kyautata wannan zaton ba, kuma dalilina yana cikin wata 'yar takarda.

A Amurka lasisi daban, tikitin dabba daban. Lasisi yana ba ka izinin shiga daji da bindiga ko baka. Tikiti kuwa na kan dabba ɗaya ne: barewa ɗaya, talotalon daji ɗaya, ko elk ɗaya, wata babbar barewa da ta fi gwanki jiki. A jihar Fensilbaniya, idan ka kayar da barewa, kafin ka ja ta ko taku ɗaya sai ka cike tikitin ka ɗaure shi a kunnenta. Mutum yana durƙushe a cikin ƙanƙara, yatsu sun sandare, alƙalami ya ƙi rubutu, amma dole ya rubuta, domin gawar barewa babu tikiti ita ce shaidar laifi. Wasu jihohin sun koma rajista ta waya ko intanet, sai dai manufar ba ta sauya ba: tikiti na mai sunan ne, kuma da shi hukuma ke ƙirga abin da aka ɗebe a daji. Idan ka cike naka, farautarka ta ƙare. To magidanci mai 'ya'ya uku, idan kowanne yana da nasa, ashe gidan yana da barewa huɗu a hannu. Wanda ya ja kunamar bindigar kuma, Allah kaɗai ya gani.

Gwamnatin tarayya ba ta yanke shekarun fara farauta ba. Abin da take nema a nan kaɗan ne, kamar kan sarkin agwagwar ruwa na dala 25 da duk wanda ya kai shekara 16 zai saya kafin ya harbi tsuntsun fadama. Sauran duk na jihohi ne, kowace da kiɗanta. Kolorado ba ta yarda yaro ya harbi manyan dabbobi sai ya cika 12. Arizona da Idaho sun tsaya a 10. Tekzas ba ta da ƙa'ida, amma ɗan ƙasa da shekara tara dole babba ya raka shi. Niyok ta daɗe tana riƙe da 14 ga mai harbin barewa da bindiga, sai a 2021 ta sauko zuwa 12, ta kuma bar wa kowace gunduma ta zaɓi shiga ko ƙi. Yawancinsu suka shiga, gundumar Erie ta ƙi a lokacin. Yaro ɗan shekara 13 maharbi ne a gonar kakansa, idan ya tsallaka titi zuwa gonar kawunsa ya zama mai laifi.

Sannan ga makaranta. Niyok ce ta fara wajabta kwas ɗin tarbiyyar maharba a 1949, yau kuwa kowace jiha tana da irinsa. Ana koyar da yadda ake riƙe bindiga baki na kallon inda ba kowa, yadda ake tsallake shinge da ita, da cewa ba a harbi abu sai an tabbatar da shi da abin da ke bayansa. Darasi ne mai kyau, masu koyarwar kuma galibi 'yan sa-kai ne. Wahalar ita ce kujeru kan cika makonni kafin buɗe kaka. Wani maƙwabcina, makanike, ya saya wa ɗansa riga da hula masu launin lemo mai walƙiya, irin wanda doka ta ɗora wa maharba don kada a ɗauke su dabba. Ya gyara masa bindigar kakansa, ya rage mata gindi don ta zauna a kafaɗar yaro. Sai da ya je yankan lasisi aka tambaye shi lambar katin kwas. Ajin da ya samu yana farawa ne bayan an rufe kaka. Yaron ya bi su daji hannu sake, yana riƙe da gorar shayi, ya yi kwanaki ba ya yi wa uban magana.

A jihohin yamma lissafin ya fi haka sarƙaƙiya, saboda tikitin manyan dabbobi ba ya isa, sai an yi ƙuri'a. A Kolorado ana rufe karɓar takardun nema a farkon Afrilu, farautar kuwa sai kaka. Ɗan shekara 11 yana iya nema idan zai cika 12 kafin kakar ta ƙare, amma ba zai harba ba sai ranar da ya cika ɗin. Wanda aka haifa kwana biyu bayan rufe kakar sai ya jira baɗi. Wanda bai ci ƙuri'a ba yana tara maki da ke ƙara masa dama a gaba, don haka iyaye masu wayo suna soma tara wa yaro tun shekarar farko da doka ta yarda. Akwai kuma abin da ke ba mutane haushi a wurin cike fom: ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta yaron. Asalin wannan wata dokar tarayya ce ta shekarun 1990 da aka yi don kama iyaye masu gudun kuɗin ciyar da 'ya'yansu, ta hanyar toshe musu lasisi. Ga ɗan aji shida ana binciken ko yana da bashin ciyarwa.

Me ya sa jihohi ke ta rage shekaru? Kuɗi. Tun 1937, dokar Pittman-Robertson ta karkatar da harajin dogayen bindigogi da harsashi, wanda yanzu kashi 11 cikin ɗari ne, zuwa kula da namun daji, ana raba kuɗin ga jihohi bisa faɗin ƙasarsu da yawan masu lasisin da suka biya. Da wannan da kuɗin lasisi ake biyan ma'aikatan gandun daji, ake sayen fili, ake ƙirga dabbobi. Maharba kuwa suna tsufa. Binciken hukumar namun daji ta tarayya ya nuna sun ragu daga miliyan 13.7 a 2011 zuwa miliyan 11.5 a 2016. Tun kafin wannan, ƙungiyoyin maharba da na masu ƙera bindiga sun haɗu a wani gangami mai suna Families Afield, hujjarsu ita ce yaron da ya kai 12 bai shiga daji ba, ƙwallo da waya sun riga sun tafi da shi. Daga nan aka samu lasisin koyo, wanda ke barin yaro ya gwada farauta a gefen babba kafin ya yi kwas.

Hujjar ba banza ba ce. Mu ma a gida, ɗan maharbi da igiyar kare da gorar ruwa yake farawa a bayan ubansa, shekaru kafin a ba shi baka, kuma babu wanda ya taɓa duba takardar haihuwarsa. Akwai ɗan shekara tara mai natsuwa, akwai ɗan 16 da ko wuƙar yanka albasa ba za ka ba shi ba, uban da ya san ɗansa ya fi ɗan majalisa sanin wane ne wane. Inda na rabu da Wiskonsin shi ne ta haɗa sassauci biyu a doka ɗaya: ta cire shekaru, ta kuma yarda babba da yaro kowa ya riƙe bindigarsa, alhali a da ɗaya ce tsakaninsu. Doka ta ce babban ya kasance inda hannunsa zai kai ga yaron, amma mutumin da idonsa ke kan nasa saitin bai cika ganin abin da yatsan yaro ke yi ba.

Fensilbaniya, wadda ta soma shirin koyon yara tun 2006, ta fi burge ni. Ita ma ba ta da ƙa'idar shekaru ga mai koyo, amma bindiga ɗaya ce tsakanin yaro da mai raka shi, kuma babban ne ke ɗauke da ita idan suna tafiya. Ta kuma yi shekaru ba ta ba yaron da bai kai bakwai ba tikitin barewa na kansa. Idan uban yana son ɗansa ya harba, sai ya sadaukar masa da nasa. Barewar da gidan zai ci ba ta ƙaru ba, don haka babu ribar yanka wa jariri takarda, uban da ya miƙa tikitinsa kuwa ya nuna da gaske yaron yake so ya koya.

Daga bakwai zuwa sama ƙofar tana nan a buɗe, a can ma. Ma'aikacin gandun daji da ya tare mota a bakin hanya, ya ga barewa biyu a baya, ɗaya da sunan uba, ɗaya da sunan ɗan shekara takwas da ke barci a kujera, ba shi da na'urar da za ta gaya masa wa ya harba. Abin da zai iya shi ne ya tambayi yaron inda ya tsaya, daga wane ɓangare barewar ta fito, da inda harsashin ya same ta, yayin da uban ke tsaye can gefe.